Mafarkin Nebukadnezzar: Yaya Zan Yi Wa'azinsa Ga Jama'ar Da Mafarki Ya Firgita?

Tambaya: Baba, ni mai bishara ne a wata ƙaramar ikkilisiyar ƙauye, shekarata uku a aiki. An ɗora mini wa'azi a taron farkawa na gundumarmu a kan Daniyel sura 2. Damuwata ita ce mutanenmu sun rikice a kan mafarki. Akwai wani mai kiran kansa annabi da ke zuwa ranar kasuwa yana fassara wa mutane mafarki yana karɓar kuɗi, har ya gaya wa wata 'yar Zumuntar Mata cewa surukarta ce ke kama mata 'ya'ya, domin ta gan ta a mafarki tana miƙo mata nama. Matasanmu da suka yi karatu kuma suna cewa mafarki duk shirme ne. Ina tsoron kada wa'azina ya ƙara rura wutar. Shin Allah yana magana ta mafarki har yanzu? Kuma surar tana nufin ilimin ɗan Adam ba shi da amfani ne?

Amsa: Ɗana cikin Ubangiji, alheri da salama su tabbata a gare ka, da iyalinka, da garken da aka ba ka kiwo. Na daɗe ina koyar da Tsohon Alkawari a makarantar Baibul, kafin nan kuma na yi aikin fasto a ƙauyuka irin naka, don haka wannan damuwa ba baƙuwa ba ce a wurina. Tsoron da ka ce kana ji, kada ka yar da shi. Wanda ya hau bagade da wannan sura babu fargaba a zuciyarsa, shi ne yakan sauko ya bar kowa a majami'a yana ganin kansa Daniyel.

Bari mu fara da mutanen da aka saba yi wa dariya a wa'azi, wato masu hikimar Babila. Na sha jin ana kwatanta su da bokan ƙauye mai ƙwarya da wuri, jama'a su yi ta shewa. Wannan kwatanci yana rage wa surar ƙarfi. Nebukadnezzar ya hau gadon sarautar Babila a shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, shekarar da ya karya rundunar Masar a Karkemish, ya yi mulki har 562. Babila, wadda kufanta yake a Iraƙi ta yau, kimanin kilomita 85 kudu da Bagadaza, ita ce matattarar ilimi a zamaninta. Malamanta sun yi ɗaruruwan shekaru suna duban sama da dare suna rubuta tafiyar wata da taurari a allunan yumɓu, har suka gane cewa husufi yakan dawo a kan tsari ɗaya bayan shekara 18 da 'yan kwanaki. Lissafinsu na sittin-sittin shi ne har gobe yake ɗaure a wuyan hannunka: minti 60 a awa, daƙiƙa 60 a minti. Na mafarki kuwa littattafai gare su na musamman. An tono irinsu a Nineba, a ɗakin karatun sarki Ashurbanifal, jerin alluna da aka tsara layi-layi: idan mutum ya ga abu kaza a mafarki, abu kaza zai same shi. Masarawa ma suna da nasu. Akwai wata tsohuwar takarda daga zamanin Ramses na biyu, tana ajiye a gidan tarihi a Landan, kowane layinta yana cewa idan mutum ya ga kansa yana yin abu kaza, alheri ne, ko kuwa sharri ne. In ka taɓa buɗe ƙananan littattafan fassarar mafarki da ake shimfiɗawa a bakin tasha, ka ga jikokinsu.

Duk wannan ilimi yana tsaye a kan ƙafa ɗaya: sai an ba su mafarkin. Nebukadnezzar kuwa da ya yi mafarkin da ya tayar masa da hankali, cewa ya yi su faɗa masa mafarkin kansa da ma'anarsa, in ba haka ba a kashe su. Shi ya sa sau biyu, a aya 4 da aya 7, suka ce wa sarki ya faɗa musu mafarkin su kuma su faɗi ma'anarsa. Wasu tsofaffin fassarori sun sa mutane sun ɗauka sarkin mantawa ya yi. Kalmar da ke aya 5 cikin harshen Aramiya (daga tsakiyar aya 4 ta wannan sura har ƙarshen sura 7 da Aramiya aka rubuta littafin, ba da Ibraniyanci ba) ma'anarta ita ce maganata ta tsaya, na riga na yanke. Aya 9 ta warware zancen, inda ya ce su faɗa masa mafarkin, ta haka zai san za su iya ba shi ma'anarsa. Gwaji yake yi musu. Ya gane cewa duk wanda aka ba shi mafarki zai iya ɗinka masa riga, kuma babu mai iya ƙaryata shi sai bayan shekaru.

Daga nan ne mutanen nan suka faɗi magana mafi gaskiya da ta taɓa fita daga bakinsu, a aya 10 da 11: babu wani mutum a bayan ƙasa da zai iya wannan, sai dai alloli, su kuwa ba a cikin 'yan Adam suke zaune ba. Ɗana, in kana neman zuciyar wa'azinka, ga ta nan. Ka lura ba annabin Allah ne ya faɗa ba, manyan masana na duniya ne da bakinsu suka nuna iyakar gonarsu. Rabin maganarsu daidai ne, kuma Daniyel da kansa ya maimaita ta a aya 27 bai rage ko harafi ba: babu mai hikima, ko boka, ko mai sihiri, ko mai duba da zai iya bayyana wa sarki asirin. Ɗaya rabin ne ya gyara musu a aya 28: amma akwai Allah a Sama mai bayyana asirai. Su suna ganin sama a rufe take, abin da ɗan Adam zai iya kawai shi ne leƙe ta kafar taurari da hantar tumaki. Daniyel ya san Allahn da ke magana da kansa, a lokacin da ya ga dama, da wanda ya ga dama. Kai da ke wa'azi bayan zuwan Almasihu kana da abin da za ka ɗora a kai, domin Yahaya 1:14 ta amsa wa Kaldiyawan nan, wato masu hikimar Babila, kai tsaye: Kalman ya zama mutum, ya zauna a cikinmu. Abin da suka ce alloli ba sa yi, shi ne Allah ya yi.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda matasanka suke jiran su ji yadda za ka yi da ita. Surar ba ta zagi ilimi ba. Daniyel ɗan makarantarsu ne. Sura 1 ta ce shekara uku aka tsara masa shi da abokansa su koyi harshe da littattafan Kaldiyawa, aya 17 ta ce Allah ne ya ba su ganewa cikin dukan wannan karatu, aya 20 kuma ta ce sarki ya same su sun fi masanan ƙasar har sau goma. Da Ariyok shugaban dogarai ya fito zai fara kashe masu hikima bisa umarnin sarki, sura 2 aya 14 ta ce Daniyel ya yi masa magana da hikima da dabara. Yusufu ma haka. Bayan ya fassara wa Fir'auna shanu bakwai da zangarku bakwai, sai ya shiga lissafi: a naɗa wakilai, a karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona, a gina rumbuna a birane. Wahayi ya faɗi abin da ke tafe, amma aikin hankali ne ya cika rumbunan. To ka gaya wa yaranka su yi karatu iyakar ƙarfinsu. Manomin da ya san lokacin shuka ta wurin iska da hadari, da ma'aikaciyar jinya da ta san zazzaɓin cizon sauro daga taifot, duka baiwar Allah suke aiki da ita. Sai dai akwai wurare biyu da wannan ilimi ba ya shiga komai yawansa: abin da Allah ya ƙudura game da gobe, da abin da ke ɓoye a zuciyar wani. Mu Hausawa mun san wannan tun kafin mu iya karatu, shi ya sa muke cewa sanin gaibu sai Allah. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta raba gonar: asirai na Ubangiji Allahnmu ne, abin da aka bayyana namu ne da 'ya'yanmu, domin mu aikata. Matashin da ya ce abin da bai iya aunawa ba babu shi, da annabin kasuwa da ya ce shi yana ganin komai, ciwo ɗaya ke damunsu. Kowannensu ya ƙi yarda cewa saninsa yana da bango.

Inda nake so ka daɗe shi ne a kan yadda Daniyel ya yi da kansa tsakanin aya 14 da aya 30, domin nan ne ma'aunin da jama'arka suke bukata. Bai ce shi gwani ne ba, ko da yake sura 1 ta riga ta ce yana da baiwar gane mafarkai. Ya roƙi lokaci. Ya koma gida ya sami Hananiya da Mishayel da Azariya, ya ce su roƙi jinƙai daga Allah na Sama. Jinƙai fa, ba hakki ba. Da aka bayyana masa asirin da dare, ga takobi yana jiran wuyansu, bai ruga fada ba sai da ya tsaya ya yi yabo, yabon da ya fara da cewa hikima da iko na Allah ne, shi yake sauya lokatai, shi yake tuɓe sarakuna ya naɗa wasu. Sa'an nan ka dubi kalmar farko da ta fita daga bakinsa da ya sami Ariyok, a aya 24: kada ka hallaka masu hikimar Babila. Mutanen nan matsafa ne, abokan gasarsa ne, daga cikin Kaldiyawa ne ma aka sami waɗanda suka kai ƙarar abokansa a sura 3. Amma amfanin farko da ya yi da wahayinsa shi ne ceton ransu. Ariyok ya shiga gaban sarki yana cewa na samo wani mutum, yana neman rabonsa na yabo. Daniyel kuwa a aya 30 ya ce ba don ya fi sauran masu rai hikima aka bayyana masa ba. Haka Yusufu ya ce wa Fir'auna a Farawa 41:16, ba ni ba ne, Allah ne zai ba Fir'auna amsa.

Ka ɗauki wannan ma'auni ka ɗora mutumin kasuwarku a kai. Sai an faɗa masa mafarki kafin ya buɗe baki, kamar Kaldiyawa. Yana yanka farashi, alhali Mika 3:11 ta riga ta yi kuka da annabawan da ke duba don kuɗi. Wani zai ce ai Daniyel ma an ba shi kyautai a aya 48. Gaskiya ne, sarki ya ba shi bayan an gama, shi bai yi ciniki ba, kuma a sura 5 aya 17 ya ce wa Belshazzar ya riƙe kyautarsa ya ba wani, duk da haka zai karanta masa rubutun. Abin da ya fi muni kuwa shi ne, wahayin Daniyel ya fitar da mutane daga bakin takobi, na wannan mutum ya sa tsohuwa a bakinsa.

Zan gaya maka abin da har yau yake ci mini rai. A ikkilisiyata ta biyu akwai wata gwauruwa, tsohuwa ce mai sayar da daddawa, kullum ita ce ta farko a addu'ar asuba, tana zama a bencin ƙarshe kusa da taga da ɗan mayafinta mai ruwan toka. Wani saurayi ya kwanta ciwo, cikin zafin zazzaɓi ya ce ya gan ta tana binsa da igiya. Magana ta zaga gari. Ni ina sabon fasto, ina tsoron dangin yaron domin su ne masu yawa a majami'a, sai na ce bari in bari ƙura ta lafa. Ranar Lahadi ta zo ta zauna, matan da ke bencin suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka koma gaba. Ina kan bagade ina gani, na ci gaba da wa'azina kamar ban gani ba. Aka daina sayen daddawarta. Yara suka riƙa jifan ƙofarta. Kafin in yi ƙarfin halin zuwa gidanta, ta riga ta ɗaure kayanta a zane ta tafi wurin 'yarta a wani gari, can ta rasu. Yaron da aka kai shi asibiti aka ba shi magani ya warke sarai. Ban taɓa samun damar ce mata ta gafarta mini ba. Don haka in na ce maka kada ka jira ƙura ta lafa, na san abin da nake faɗa.

To shin Allah yana magana ta mafarki har yanzu? Ba ni da ikon rufe wa Allah baki, kai ma ba ka da shi. Yowel 2:28 ta ce tsofaffi za su yi mafarkai, samari su ga wahayi, Bitrus kuma ya ɗauko ta ranar Fentikos a Ayyukan Manzanni sura 2. Ayuba 33 ta ce Allah yakan buɗe kunnen mutum cikin barci don ya juyo da shi daga girmankai. Na san masu bi da mafarki ya tashe su suka je suka shirya da ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga maciji, na san waɗanda mafarki ya sa suka fara neman Almasihu. Ban raina wannan ba, kai ma kada ka bar matasanka su raina shi.

Amma ka duba Littafi da idon lissafi. Tarihin da ya ratsa dubban shekaru, mafarkan da aka ce daga Allah suke ba su da yawa, kuma da dama daga cikinsu ba ga tsarkaka suka zo ba: Abimelek, Laban, mai shayarwa da mai tuya na Fir'auna, Fir'auna kansa, sojan Madayanawa da Gidiyon ya ji yana ba da labari, Nebukadnezzar, matar Bilatus. Ashe yin mafarki na gaskiya ba lambar girma ba ce a ruhaniya. Isra'ilawa biyu ne kawai aka san su da fassara wa sarakuna mafarki, Yusufu da Daniyel, dukansu kuma a fadar ƙasashen da suka dogara ga mafarki Allah ya ajiye su, ya yi wa sarakunan magana da harshen da suke ji. Littafin nan kuma da kansa ya ce yawancin mafarki daga cikinmu yake fitowa. Mai Hadishi 5:3 ta ce yawan ɗawainiya ke kawo mafarki. Ishaya 29:8 ta yi zancen mayunwaci da ya yi mafarki yana ci, ya farka cikinsa wayam. Matar da ta binne ɗa, take kwana da tsoro, take zaman doya da manja da surukarta, wa kake tsammani za ta gani in ta rufe ido? Masu binciken barci sun nuna cewa kowane mutum yana mafarki sau da yawa a dare ɗaya, barci yana zagayawa kusan kowane minti 90, kuma a lokacin mafarki jiki yakan saki gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. In hankali ya riga jiki farkawa, sai mutum ya ji an danne shi ba ya iya motsi ko ihu. Shi ne dannau, wanda ya sa an zargi bayin Allah da yawa da maita. Ka bayyana wa jama'arka wannan a fili, ba rashin bangaskiya ba ne.

Ko mafarkin da ya cika ma Littafi bai ce a bi shi ido rufe ba. Maimaitawar Shari'a sura 13 ta ce in mai mafarki ya ba da alama, alamar kuma ta faru, amma yana jan ku zuwa ga wasu alloli, kada ku saurare shi. Irmiya, wanda ya yi zamani ɗaya da Daniyel, ya sha fama da masu cewa na yi mafarki, na yi mafarki. A sura 23 aya 28 Ubangiji ya ce mai mafarki ya faɗi mafarkinsa, wanda yake da maganata ya faɗe ta da aminci, ina ruwan ƙaiƙayi da alkama? A sura 28 wani Hananiya (ba abokin Daniyel ba) ya yi alkawari cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila, jama'a suka ji daɗi, shekarar ba ta ƙare ba ya mutu. A sura 29 Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kai bauta cewa kada su saurari mafarkan da ake yi musu, shekara 70 ne, su gina gidaje su dasa gonaki su nemi zaman lafiyar birnin. Game da zargi kuwa Doka ba ta bar ƙofa ba: Maimaitawar Shari'a 19:15 ta ce sai da shaidu biyu ko uku magana take tabbata. Babu inda aka gurfanar da mutum ko aka kore shi daga jama'ar Allah bisa shaidar mafarki. Ko Yusufu mijin Maryamu da aka faɗa masa cikin mafarki Hirudus yana neman ran yaron, cewa aka yi ya tashi ya gudu Masar, ba a ce ya tara mutane ba. Bulus ma da ya ga mutumin Makidoniya cikin wahayi da dare, Luka ya ce mun tabbatar Allah ne ya kira mu, wato tare da abokan tafiyarsa aka auna abin. Wannan shi ne 1 Tasalonikawa 5:20-21, kada ku raina annabci, amma ku gwada kome.

Mutum-mutumin da sarki ya gani a mafarkin, kada ka ɓata rabin lokacinka a kansa. Kai na zinariya, ƙirji da hannuwa na azurfa, ciki da cinyoyi na tagulla, ƙafafu na baƙin ƙarfe, tafin sawu gaurayen ƙarfe da yumɓu. Sassan nan mulkoki ne, amma guda ɗaya kawai Daniyel ya kira da suna, a aya 38: kai ne kan zinariya. Tun zamanin iyayen ikkilisiya irin su Jerom, yawancin masu bi sun ɗauki sauran a kan Mediya da Farisa, sai Girka, sai Roma. Wasu masana kuma suna lissafa Mediya daban, Farisa daban, su ƙare da Girka. Tarihin dai sananne ne: Sairus ya ci Babila a 539, Iskandari ya karya Farisa a 331 ya kuma mutu a Babila a 323, Romawa suka shiga Urushalima a 63 kafin haihuwar Almasihu. Ka faɗi wanda ka gamsu da shi cikin jimla biyu ka wuce. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka shiga ƙirga yatsu. Surar ba ta ma faɗi adadin yatsun ba. A 1981, da ƙungiyar ƙasashen Turai ta cika mambobi goma, masu wa'azi da yawa suka ce ga yatsu goma, ƙarshe ya zo. A 1986 suka zama 12, yau 27 ne. A Amurka, wani mai wa'azi William Miller ya yi lissafi da kwana 2,300 na Daniyel 8:14, mabiyansa suka jira dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye musu cikin kuka. Wani mai wa'azi kuma, Harold Camping, ya sa 21 ga Mayu 2011, wasu suka kashe abin da suka tara a kan tallan ranar. Abin baƙin ciki ne a ɗauki surar da aka rubuta don ta nuna iyakar sanin ɗan Adam a mai da ita allon duba, alhali Yesu ya ce a Ayyukan Manzanni 1:7 sanin lokatai ba namu ba ne. Daniyel da kansa, a 8:27, ya ce ya yi ciwo kwanaki saboda wahayin da ya gani bai kuma gane shi ba. A 12:8 ya ce na ji amma ban fahimta ba, aka ce masa ya yi tafiyarsa, an rufe maganar.

Ƙarfinka ka zuba shi a kan dutsen da ya bugi mutum-mutumin ya farfashe shi, kuma a nan jama'arka sun fi malaman birni gata. Aya 35 ta ce ƙarfe da yumɓu da tagulla da azurfa da zinariya suka zama kamar ƙaiƙayi a masussuka, iska ta kwashe, ba a ga ko alamarsu ba. Ka kai su masussukar garinku da baki. Mace ta ɗaga ƙwarya sama tana jiran iska, ta karkata ta a hankali, tsabar gero tana zuba a gindinta da ɗan sauti, ƙaiƙayin yana tashi yana manne wa wuya da gashin ido, kafin la'asar ka neme shi ka rasa. Haka Babila ta zama. Da Jamusawa suka fara tonon kufanta a 1899, tuddan ƙasa suka tarar, da tubala birjik masu ɗauke da hatimin sunan Nebukadnezzar, ƙofarta mai shuɗin ado kuma yau a gidan tarihi take a Balin. Dutsen da ba hannu ne ya sare shi ba, ƙarami a farko, shi ne ya zama babban tsauni ya cika duniya, mulkin da aya 44 ta ce ba za a taɓa rushe shi ba. Yesu ya ɗauki zancen dutse ya ɗora a kansa a Luka 20:17-18. Mutanen da suke kwana da tsoron mayu da 'yan bindiga da tsadar taki suna bukatar su ji cewa gobensu tana hannun wannan Sarki, ko an nuna musu ita ko ba a nuna ba.

Ka kuma ambata musu abin da ya biyo baya. Sarki ya faɗi rubda ciki, ya ce Allahn Daniyel shi ne Allahn alloli. Sura ta gaba sai ga shi ya kafa gunki a filin Dura, kamu 60 tsayinsa, zinariya tun daga kai har ƙafa, kamar yana cewa bai yarda a sami azurfa bayansa ba. Ya ga mafarki na gaskiya, ya ji fassara ta gaskiya, zuciyarsa tana nan yadda take. Da mafarki na biyu ya zo a sura 4, shawarar Daniyel a aya 27 ba wani asiri ba ce: ka rabu da zunubanka ta wurin yin adalci, ka ji tausayin matalauta.

Kafin ranar taron, ka ɗauki dattijo ɗaya da shugabar Zumuntar Mata ku je gidan matar nan. Kada ka fara da tsawatawa, tsoro ne da baƙin ciki suke cinta. Ka bar ta ta faɗi mafarkin har ƙarshe, ka yi addu'a da ita, ka tambayi lafiyar yaran, in akwai marar lafiya ku haɗa kuɗin mota a kai shi asibiti a auna jininsa. Mijin ma ka zauna da shi, domin yana tsakanin uwa da mata, shi ma ba ya barci. Daga nan ku wuce ɗakin tsohuwar da rana tsaka, kowa yana gani. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce Mama mun zo gaishe ki. In ta kawo ruwa ka sha, in ta kawo tuwo ka wanke hannu ka ci. Ranar Lahadi kuma ka sa matarka ta zauna kusa da ita a benci.